Jiri Yana da Tushe: Yadda Ake Auna Kunne ta Hanyar Tsokar Wuya

    

Masu sauraro, yau a wannan fili namu na sharhi kan lafiyar jiki, maganarmu a kan jiri ce. Jirin nan da ke sa mutum ya ga ɗaki yana juyawa, ko ya ji ƙasa tana zame masa. Za mu yi bayanin wani gwaji da likitoci ke yi don gano inda jirin ya fito. Gwajin yana da ban mamaki. Ana saka wa mutum ƙara a kunne, amma a wuyansa ake karɓar amsa. Ku riƙe magana ɗaya, domin za mu yi ta komawa gare ta. Jiri yana da tushe. Sau da yawa tushen yana cikin kunne. Kuma ana iya auna shi.

To, bari mu fara da tambayar farko. Me ya haɗa kunne da tsayuwar mutum?

Yawancinmu mun san kunne da aiki ɗaya, wato ji. Alhali aikinsa biyu ne. Kunne kashi uku ne. Akwai na waje da muke gani, da ramin da ya kai ga dodon kunne. Akwai na tsakiya, inda wasu ƙananan ƙasusuwa uku ke miƙa sauti gaba. Sai kuma na can ciki, wanda ke binne a cikin ƙashin kai mai tsananin tauri. A nan ciki ne sashen ji yake, mai siffar katantanwa. A gefensa kuma akwai sashen da ke kula da daidaiton jiki.

Wannan sashe na daidaito yana da gaɓoɓi biyar a kowane kunne. Uku daga ciki bututai ne masu lanƙwasa, cike da ruwa. Su ke shaida wa ƙwaƙwalwa cewa kai ya juya. Sauran biyun 'yan jakunkuna ne. A cikinsu akwai ƙananan duwatsu da ido ba ya iya gani, na irin sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai. Duwatsun suna kwance a kan wasu siraran gashi. Ku ɗauka tsaba ce a kan faifai. Da an karkata faifan, tsabar za ta gangara. Haka duwatsun nan suke. Da kai ya karkata, sai su ja gashin, gashin kuma ya aika saƙo ta jijiya.

Babbar jakar ita ke lura da motsi na gaba da baya da na gefe, kamar sa'ad da mota ta tashi ko ta taka birki. Ƙaramar jakar kuwa, wadda likitoci ke kira sakul, ita ke lura da motsin sama da ƙasa. Ita ke jin lokacin da mota ta faɗa rami, ko jirgi ya fara sauka. Ku riƙe sunan wannan ƙaramar jaka. Ita ce gwajin namu na yau yake aunawa.

Ƙwaƙwalwa tana haɗa labarin kunne da na ido da na ƙafafu. Idan labaran uku suka zo ɗaya, mutum zai tsaya daram. Da haka ne mace ke ɗaukar tulu a ka ta yi tafiya mai nisa ruwa bai zube ba. Da haka ne magini ke tsayawa a kan katanga yana jera bulo. Amma idan kunne ɗaya ya fara kawo labarin da ya saɓa wa ɗan'uwansa, sai lissafi ya rikice. Sai jiri, sai tangaɗi, sai tashin zuciya da amai.

Yanzu mu zo ga tambaya ta biyu. Abin da ke binne cikin ƙashi, ta yaya likita zai san lafiyarsa?

Wannan matsala ta daɗe tana damun masana. A da, an fi ɗora laifin hajijiya a kan ƙwaƙwalwa. A shekarar 1861 wani likita a birnin Paris na ƙasar Faransa, mai suna Prosper Ménière, ya bayyana cewa cutar kunnen ciki tana kawo ta. Bayansa aka yi Robert Bárány a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Shi ya tsara gwajin zuba ruwan ɗumi ko na sanyi a kunne, a duba yadda ido ke rawa. Aikinsa ya sa aka ba shi kyautar Nobel ta 1914. Har gobe ana yin wannan gwaji. Sai dai bututu ɗaya yake aunawa cikin gaɓoɓin nan biyar. Jakunkunan duwatsu kuwa an daɗe babu hanya mai sauƙi ta gwada su.

Hanyar ta ɓullo ta inda ba a zata ba, wato ta sauti. A 1929 wani masani ɗan Italiya, Pietro Tullio, ya nuna a jikin tantabaru cewa ƙara mai ƙarfi tana iya taɓa sashen daidaito. A 1964 wasu masu bincike a Amurka suka lura cewa idan aka buga ƙara a kunne, tsokar ƙeya tana amsawa. Sai a 1992 da 1994 ne wasu likitoci biyu a birnin Sidni na Ostireliya, James Colebatch da Michael Halmagyi, suka mai da abin gwajin asibiti. Su suka nuna tsokar da ya kamata a saurara, da yadda za a karanta amsarta. A asibiti ana kiran gwajin VEMP a taƙaice.

Wani zai ce, to me ya sa gaɓar daidaito take jin ƙara? Dalilin yana ga mazauninta. Ƙaramar jakar tana daf da ƙofar da ƙashin ƙarshe na kunnen tsakiya ke bugawa. Idan ƙara ta yi ƙarfi, girgizar takan kai gare ta. Wani abin sha'awa kuma, a jikin kifaye da yawa wannan jaka ce babbar gaɓar ji. A jikin ɗan Adam aikinta daidaito ne, amma ba ta rasa jin ƙara mai ƙarfi ba. Wannan kafa ce likitoci suka samu suka shiga.

Masu sauraro, mu ɗan tsaya a nan mu yi wani abu tare. Direbobi ku yi haƙuri sai kun tsaya. Sauran jama'a, kowa ya juya kansa hagu. Ku sa hannu a gefen wuya na dama. Za ku ji wata tsoka ta miƙe, ta taso daga bayan kunne ta sauko saman ƙashin ƙirji. To, ita ce. Ita ce tsokar da ake saurara.

Tsakanin ƙaramar jakar da wannan tsoka akwai hanya ta jijiya. Saƙo yakan tashi daga jakar. Ya bi reshen ƙasa na jijiyar daidaito. Ya shiga gindin ƙwaƙwalwa. Daga nan ya sauko wuya, a ɓangaren kunnen da aka buga wa ƙarar. Aikin wannan hanya a kullum shi ne riƙe kai kada ya yi ta lilo sa'ad da muke tafiya ko gudu. Ba da saninmu take aiki ba. Mutum ba zai iya ƙirƙirar amsar ba.

Ga wani abu da ya kamata a fahimta. Saƙon da jakar ke aikawa cewa yake yi tsoka ta ɗan saki. Sakin na ɗan lokaci ne ƙwarai, bai kai ƙiftawar ido ba. Tsokar da take kwance kuwa ba ta da abin da za ta saki. Shi ya sa dole a ɗaure tsokar kafin a fara. In ba a ɗaure ta ba, ba za a ga komai ba.

To, yanzu bari mu shiga ɗakin gwajin, mu ga yadda ake yi.

Da farko ma'aikacin zai leƙa kunnen, ya tabbatar babu dauɗa ko ruwa da ya toshe shi. Sai a goge fatar wuya. A manna wasu 'yan faifan ƙarfe masu waya a kan tsokar, da saman ƙirji, da goshi. Babu allura. Babu yanka. Babu wutar da ake saka wa mutum. Wayoyin saurare kawai suke yi. Daga nan a sa abin jin sauti a kunne. Mutum zai kwanta ya ɗaga kansa daga matashi, ko ya zauna ya juya kai gefe ya riƙe. Sai na'ura ta fara buga ƙara, ƙwas, ƙwas, ƙwas, da sauri, sau ɗari ko fiye. Kwamfuta tana tara amsoshin tana fitar da zane ɗaya. In an gama da kunne ɗaya a koma ɗayan. Duka aikin bai cika wuce rabin sa'a ba.

A jikin mai lafiya zanen yana da lanƙwasa biyu. Ta farko tana zuwa bayan kamar kashi 13 cikin 1000 na daƙiƙa. Ta biyu tana biyo ta a wajen kashi 23. Ku dubi wannan sauri, jama'a. Kafin mutum ya ankara da ƙarar, wuyansa ya riga ya amsa. Tsarki ya tabbata ga Mahalicci.

Likita yana duba abubuwa kaɗan a zanen. Amsar ta zo, ko ba ta zo ba? Ta zo a kan lokaci, ko ta makara? Ta dama da ta hagu sun yi kusan daidai, ko ɗaya ta fi ɗaya nesa ba kusa ba? Sannan, wane ƙarfin ƙara ne mafi ƙanƙanta da ya iya tayar da ita? Daga waɗannan yake gane lafiyar jakar da ta jijiyarta. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Jiri yana da tushe, kuma ga yadda ake auna shi.

Akwai wani abin lura. Wannan ba gwajin ji ba ne. Mutumin da ya kurumce saboda lalacewar sashen ji na ciki yana iya ba da amsa lafiya lau, muddin jakarsa tana aiki. Ba ya jin ƙarar, amma wuyansa yana amsawa. Wanda kuwa kunnensa na tsakiya ya cika da ruwa ko mugunya, amsarsa tana iya ɓacewa ko da jakar ƙalau take, domin ƙarar ba ta isa wurin da ƙarfinta ba. A irin wannan hali sai a aika girgizar ta ƙashin kai, a tsallake kunnen tsakiya.

Sai tambaya ta gaba. Waɗanne cututtuka ne gwajin ke taimakawa a gano?

Wadda ya fi shahara a kanta ita ce ɓulewar ƙashin da ya rufe bututun sama, ɗaya daga cikin bututan nan uku. Wani likita a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Lloyd Minor, shi ya bayyana ta a 1998. Masu wannan lalura suna faɗin abubuwan da ke da wuyar gaskatawa. Wani zai ce ƙarar lasifika ko hon na mota yana sa shi jiri. Wani zai ce muryarsa tana yi masa amsa-kuwwa a cikin kai. Wani yana jin bugun zuciyarsa a kunne. Wani ma har motsin idonsa yake ji. Ku yi tunanin mai irin wannan ƙorafi a cikin danginsa. Da wuya a yarda da shi. Wasu za su ce ya fara taɓuwa. Alhali ɗan rami ne a ƙashi. A gwajin wuya, amsar irin wannan mutum takan fito ko da ƙarar ba ta kai ƙarfin da aka saba ba, kuma takan yi girma. Daga nan sai a tura shi hoton ƙashin kai don a tabbatar. Wanda abin ya tsananta masa ana yi masa aiki a toshe ramin.

Akwai kuma cutar da ke ɗauke da sunan Ménière. Ruwa ne ke taruwa fiye da kima a kunnen ciki. Mai ita yana fama da hajijiya mai zuwa tana tafiya, da ƙugi a kunne, da raguwar ji. Ƙaramar jakar tana cikin gaɓoɓin da cutar ta fi taɓawa, don haka amsar wuya takan ragu ko ta ɓace a ɓangaren da ke ciwo.

Akwai kumburin jijiyar daidaito, mai kwantar da mutum kwanaki yana amai. Jijiyar reshe biyu gare ta, na sama da na ƙasa. Gwajin ruwa yana duba na sama. Gwajin wuya yana duba na ƙasa. In an haɗa su, sai likita ya san iyakar ɓarnar. Haka nan ƙari da ke fitowa a kan jijiyar kunne yana iya rage amsar. Ciwon da ya taɓa gindin ƙwaƙwalwa kuma yana iya sa ta makara. Daga baya ma masana sun fito da ɗan'uwan wannan gwaji, wanda ake manna wayoyinsa a ƙarƙashin ido, don auna babbar jakar.

Amma fa, masu sauraro, dole mu faɗi iyakar gwajin. Shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Likita yana haɗa shi da labarin mara lafiya, da gwajin ji, da duban motsin ido. Amsar takan yi rauni da shekaru. Dattijon da ya haura 60 yana iya rasa ta ba tare da wata cuta ba. Mai ciwon wuya yana iya kasa riƙe kansa yadda ake so. Ƙarar kuma tana da ƙarfi, saboda haka ƙwararre ne ya kamata ya yi gwajin, ya taƙaita ta, musamman ga yara da masu ƙugin kunne.

Sannan ba kowane jiri ne ke buƙatar na'ura ba. Hajijiyar kunne da ta fi yawa ita ce wadda ke zuwa idan mutum ya juya a kan gado, ko ya ɗaga kai sama, ko ya sunkuya ruku'u da sujada. Takan ɗauki ƙasa da minti ɗaya ta wuce. Dalilinta shi ne wasu daga duwatsun nan sun ɓalle sun faɗa cikin bututu. Likita yana gane ta ta hanyar kwantar da mutum ya duba idonsa. Yana kuma mai da duwatsun mazauninsu ta hanyar jujjuya kai a tsare. Da yawa suna samun sauƙi nan take. Akwai kuma jirin da ba na kunne ba. Ƙarancin jini yana kawo shi. Yunwa da ƙishirwa suna kawo shi. Saukar sukari da wasu magungunan hawan jini ma haka. Kowanne da tushensa, kowanne da maganinsa.

Yanzu bari mu dawo gida. Me ya shafe mu a wannan magana?

Abu na farko, yadda muke ɗaukar jiri. Da mutum ya ce yana jiri, sai a ce jininsa ne ya hau, ko ya yi ƙasa. Sai a sayo maganin ƙarin jini. Wani a ce iska ce ta taɓa shi. Wata a ce raki ne kawai. A haka sai a shekara ana fama, ba a taɓa leƙa kunnen ba. Addu'a tana da muhimmanci, neman magani ma haka. Mu haɗa su biyun.

Abu na biyu, allurar da ake yi barkatai. Akwai magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin su jentamaisin da sitireftomaisin, da ke iya lalata gashin nan na kunnen ciki. Magunguna ne masu amfani a hannun likita, domin yana auna nauyin mutum da lafiyar ƙodarsa. Amma idan aka yi ta ɗirka su a kemis ba lissafi, suna iya kashe sashen daidaito na kunnuwa biyu. Wanda abin ya sama yakan kasa tafiya a duhu. In yana tafiya sai ya ga duniya tana tsalle a idonsa. Sau da yawa wannan ɓarna ba ta gyaruwa. Rigakafi ya fi magani.

Abu na uku, sanƙarau. Yankinmu yana cikin inda wannan cuta ke ɓarkewa lokacin zafi. Tana iya barin yaro da kurumta, tana kuma iya taɓa sashen daidaitonsa. Yaron da ya tashi daga sanƙarau yana yawan faɗuwa, ko jaririn da ba ya ji kuma ya makara wajen zama da tafiya, a kai shi a duba kunnensa. Kada a ce ƙiwa ce.

Ina za a je? A je sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, suna da wannan sashe. A Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa. Likitocin wurin su za su ce wane gwaji ya dace da kai, da inda za a yi shi. In ka je, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ka faɗi yaushe jirin ke zuwa. Ka faɗi tsawon lokacin da yake ɗauka. Ka faɗi abin da ke tayar da shi. Ka ambaci duk allurar da aka yi maka da duk maganin da kake sha, har na gargajiya.

Ga kira kuma ga hukumomin lafiya da masu hannu da shuni. Na'urar wannan gwaji dangin wadda ake auna jin jarirai da ita ce. A samar da ita a manyan asibitocinmu. A horar da matasanmu aikin auna ji da daidaito. Dattijon da jiri ya kayar ya karye a ƙugu, jinyarsa ta fi gwajin tsada, wahalarsa kuma ta fi ƙarfin iyali.

Kafin mu rufe, ga gargaɗi mai muhimmanci. Ku saurara da kyau. Idan jiri ya zo tare da karkacewar baki, ko sarƙewar harshe, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko ganin abu biyu-biyu, ko matsanancin ciwon kai, ko mutum ya kasa tsayuwa sam, wannan ba na jira ba ne. Yana iya zama shanyewar ɓarin jiki. A garzaya asibiti a lokacin. Haka idan kunne ɗaya ya daina ji farat ɗaya, kada a kwana biyu ana jira. Wanda kuma jiri ke kamawa ba zato, ya dakata da tuƙi da hawa sama har sai likita ya duba shi.

Jama'a masu sauraro, ga abin da za mu tafi da shi. Jiri yana da tushe. Sau da yawa tushen yana cikin kunne. Kuma ana iya auna shi, har ta tsokar wuya. Idan mahaifiyarka ta ce ɗaki yana juya mata, ka yarda da ita. Idan mijinki ya ce ƙara tana sa shi tangaɗi, kada ki ɗauka wasa ne. Ku riƙe hannunsu ku kai su wurin likitan kunne. Ku guji allurar da likita bai rubuta ba. Ku kuma isar da wannan saƙo ga maƙwabcin da bai ji ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kare mu da iyalanmu.